Ruɓa da Amana: Sharhi a kan Raya Tsohon Jirgin Katako a Gida

A tsakiyar hunturun shekarar 1892, wani kyaftin ɗin jiragen ruwa mai suna Joshua Slocum, mutumin Nova Scotia wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan teku, amma zamani ya juya masa baya domin jiragen tururi sun ƙwace kasuwa daga hannun jiragen da iska ke korawa, ya gamu da wani tsohon abokinsa, Kyaftin Eben Pierce, a birnin Boston, shi kuwa ya ce masa ya zo garin Fairhaven zai ba shi jirgi kyauta, sai dai jirgin yana son gyara. Ko da Slocum ya isa, sai ya tarar da wani tsohon jirgin masunta mai suna Spray a tokare cikin fili, nesa da bakin ruwa, an lulluɓe shi da tamfol, ya tsufa har mutanen unguwa ba su zaton akwai abin da ya rage a yi masa in ba wargazawa ba. Slocum ya ɗauki gatari ya sare itacen oak a wata makiyaya ta kusa, ya sassaƙa wa jirgin sabon ƙashin baya, ya ɗora tukunyar tururi yana lanƙwasa haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya, tsofaffin matuƙan garin suna zuwa suna zama kusa da shi ana taɗi, har ya cika wata 13 yana aiki, ya kashe dala 553 da santi 62 a kan kaya. Da wannan jirgi, mai tsawon ƙafa 36 da inci 9, ya tashi daga Boston ran 24 ga Afrilu 1895, ya kewaye duniya shi kaɗai, abin da ba a taɓa jin wani ɗan Adam ya yi ba kafinsa, ya sauka a Newport ran 27 ga Yuni 1898 bayan tafiyar mil fiye da 46,000.

Tun daga wannan zamani har yau, a garuruwan gaɓar teku na Amurka da Ingila da arewacin Turai, ba a rasa mutumin da zai ga tsohon jirgin katako ana neman kai da shi, zuciyarsa ta kwaɗaitu, ya ɗauko shi a bayan mota ya sauke a bayan gidansa, da niyyar ya raya shi da hannunsa a ranakun hutu. Irin waɗannan jirage sun yawaita a kasuwa tun daga shekarun 1960, sa'ad da jiragen faiba, waɗanda ake zubawa kamar yadda ake zuba bulo kuma ba su ruɓa, suka rinjayi na katako, kuma kusan ko wanne daga cikinsu da cuta guda ake sayar da shi, ita ce ruɓa. Mu da muke nesa da teku ba baƙin wannan ilmi ba ne, gama masassaƙin kwale-kwale na Yawuri ko na bakin Tafkin Chadi, da magidancin da ya ga ƙyauren gidansa ya cinye daga ƙasa bayan damina, duk da abokin gaba ɗaya suke fama. Abin da nake nufin tabbatarwa, bayan mun bi mas'alar daga tushenta, shi ne cewa ruɓa ba ta karɓar sulhu, kuma mai gyaran jirgi ya fi bukatar gaskiya da riƙon amana bisa gwanintar hannu, domin gwaninta ana koyonta a kan aiki, amma wanda ya yaudari kansa a ranar farko, teku ce za ta yi masa hisabi.

Asalin cutar

Zato ya yaɗu a tsakanin jama'a cewa tsufa ke ruɓar da itace, ko kuwa daɗewa cikin ruwa, alhali tarihi ya kawo shaidu biyu adalai waɗanda suka rushe wannan zato. Na farko yana ƙasarmu: a shekarar 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙar rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a inda yake jihar Yobe a yau, ya ci karo da wani itace a zurfin kamar mita 5, wanda da masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka tono shi a 1994, ya bayyana kwale-kwale ne mai tsawon mita 8 da 'yan kai, an sassaƙa shi daga itace dangin maɗaci, shekarunsa kimanin 8,000, ba a san jirgin da ya girme shi a Afirka ba. Na biyu shi ne Vasa, jirgin yaƙin Sarkin Suwidin, wanda ya nutse a mashigin Stockholm a ranar tafiyarsa ta farko a 1628, ya kwana shekara 333 a ƙarƙashin ruwa, aka ɗago shi a 1961 da mafi yawan katakonsa. Abin da ya tsare su duka biyun daga ruɓa ɗaya ne, watau ruwa da laka sun raba itacen da iska.

Mai laifin a hakika wata halitta ce mai rai, dangin funfuna da naman kaza, wadda ƙwayoyin irinta ke yawo cikin iska a ko'ina ba tare da ido ya gan su ba, idan kuwa sun sauka a kan itacen da ya dace da su, sai su tsiro su miƙa zarurruka waɗanda suka fi saƙar gizo siranta, su ratsa cikin jijiyar itacen suna cin abin da ke riƙe da ƙarfinsa. Wannan halitta tana da sharuɗɗa huɗu, su ne abinci da danshi da iska da ɗumi, kuma ƙa'idar da ɗaliban fiƙihu suka sani, cewa faɗuwar sharaɗi tana kayar da abin da aka rataya a kansa, tana aiki a nan daidai wa daida. Abincin shi ne jirgin kansa, ɗumi kuwa ba ya hannun mutum. Saura danshi da iska, a kansu ne yaƙin duka yake. Itacen da ruwan da ke cikinsa bai kai kashi 20 cikin 100 na nauyinsa ba, cutar ba ta iya aiki a cikinsa, haka kuma wanda ya cika da ruwa taf har iska ba ta da mashiga. Halaka tana ga itacen da ke tsakani, wanda yake kwana da laima, ya wuni a rufe, bai jiƙe sarai ba kuma bai bushe ba.

Daga nan ne mutum zai gane abin da ke ba sabon shiga mamaki, cewa allunan ƙasan jirgi, waɗanda suka shekara hamsin cikin teku, sau da yawa lafiyarsu lau, ɓarnar kuwa tana sama, a inda ruwan teku bai cika kaiwa ba. Ruwan gishiri yana danne cutar, har magina jirage na da sukan cusa gishiri a tsakanin haƙarƙari tun ana gini; ruwan sama ne ke rayar da ita, shi da gumin da ke taruwa a cikin ɗakin jirgi in an rufe shi ruf. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: 'yar tsagar da ke gindin taga, wadda ba ta wuce kaurin farce ba, tana ɗigar da ruwa damina bayan damina a kan kan ginshiƙi guda, ta isa ta kashe jirgin da guguwa ba ta iya kashewa ba.

Ruɓar iri biyu ce a galibi. Akwai mai mayar da itace ja-ja, ya tsattsage gida-gida kamar gawayi, in ka murza ya zama gari. Akwai kuma mai mayar da shi fari, ya yi laushi ya zama zare-zare kamar soso. Abin tsoro game da su duka shi ne ƙarfin itace yana fara tafiya tun kafin launinsa ya sāke, har ya zamana katakon da ido ke shaida wa lafiya ya riga ya rasa jimirin ɗaukar duka. Ya kamata kuma a bambance wannan cuta da wasu biyu masu kama da ita: tsutsar teku, wadda ke huda allo daga waje ta rarake cikinsa kamar yadda gara ke yi, da kuma ciwon ƙusa, inda baƙin ƙarfe ke tsatsa a cikin itace, ya baƙanta abin da ke kewaye da shi ya tausasa shi, har ƙusar ta daina riƙo.

Binciken jirgi

Kayan binciken ba su da tsada: ƙaramar guduma mai kan katako, da basilla, da tocila, da alli, sa'an nan hancin mutum, domin jirgin da ya kamu yana da wari irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba bayan ruwa ya shige shi, wanda kuwa ya shaƙa sau ɗaya ba ya mantawa. Ka tsaya a gefen jirgin ka bi alluna kana ƙwanƙwasawa taƙi bayan taƙi. Lafiyayyen katako zai amsa maka da sauti mai kaifi, guduma ta yi tsalle ta dawo hannunka, har ka iso wani wuri wanda fentinsa sumul yake kamar na sauran, ka buga ka ji dum, kamar ka bugi buhun gari, gudumar ta mutu a wurin. Ka kafa bakin basilla ka danna. In itacen na ƙwarai ne zai ƙi ta, in ka ɓanɓaro kuma doguwar sartse ce za ta taso da ƙara. In ya kamu kuwa, basillar za ta lume kamar cikin dafaffen rogo, abin da ya ɓalle ya karye guntu-guntu ba sauti. Ka zagaye wurin da alli, ka ci gaba, kada ka tsaya yin jimami sai ka gama zagaye jirgin duka, ciki da waje.

Wuraren da ya wajaba a tsananta bincike a kansu su ne duk inda ruwan sama ke kwanciya kuma iska ba ta ratsawa: mahaɗar ɗakin jirgi da daɓensa, da kawunan ginshiƙan da ke ɗauke da daɓen, da ramin da jigon filafilai ke ratsawa, da gurbin da gindin jigon ke zama, da kusurwoyin bayan jirgi, da saman goshinsa, da ƙafafun haƙarƙari a inda suke haɗuwa da ƙashin baya. Sabon fenti a kan tsohon jirgi abin tuhuma ne har sai an tabbatar da akasin haka, kada a yi wa rogo kallon kitse. Sa'an nan a zare ƙusoshi kaɗan daga wurare dabam-dabam a ga halin da suke ciki, musamman manyan sandunan ƙarfe waɗanda ke riƙe da nauyin dalma ko baƙin ƙarfe da aka rataya a ƙarƙashin jirgi domin kada iska ta kifar da shi, gama irin wannan sanda takan nuna kai lafiyayye da gindi lafiyayye, alhali tsakiyarta ta cinye ta zama kamar ƙugun zanzaro. A ƙarshe mutum ya ja da baya ya dubi jirgin daga nesa, ya ga ko layinsa yana nan yadda aka zana shi, ko kuwa gaba da baya sun sunkuya tsakiya ta yi doro, domin wannan alama ce ta cewa ƙashin bayan ya gaji.

Hukunci kafin aiki

Idan an gama bincike, sai a zauna a yi hukunci, kuma a nan ne mafi yawan masu wannan buri suke faɗuwa, saboda son abu yana rufe ido daga aibinsa. Ɓarna hawa uku ce. Idan ta tsaya ga daɓe da ɗaki da 'yan alluna da haƙarƙari kaɗan, wannan aikin gida ne, mutum mai haƙuri wanda ya iya riƙe zarto da kurfi zai iya kammala shi. Idan ta kama haƙarƙari masu yawa kuma ƙusoshi duk sun mutu, aikin shekaru ne, yana yiwuwa ga wanda ya shirya wa shekarun. Idan kuwa ta shiga ƙashin baya da goshi da ginshiƙin baya, kuma siffar jirgin ta karkace, to mutum ya sani sabon jirgi zai gina a cikin inuwar tsoho, wannan kuwa ya fi gina sabo daga tushe wuya, domin sai ka rushe kafin ka gina, kana kuma riƙe da siffa kada ta kuɓuce.

Araha ba ta ado, kuɗin sayen tsohon jirgi shi ne mafi ƙanƙanta daga abin da zai ci. Wajibi ne mutum ya lissafa katako da ƙusoshin tagulla da fenti da rumfa da ladan motar ɗauka, ya duba ko ƙofar gidansa za ta fitar da abin da ta shigar, ya san dokar garinsa game da ajiye irin wannan kaya, ya kuma tuna maƙwabci yana da haƙƙi game da ƙara da ƙura, iyali kuma suna da haƙƙi a kan lokacinsa da dukiyarsa. Sabon shiga ya fara da ƙaramin jirgi, wanda bai wuce ƙafa 20 ba, domin wahala tana ninkuwa fiye da yadda tsawo ke ƙaruwa; ya kuma biya gwanin duba jirage, wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa, ya faɗa masa gaskiya mai ɗaci tun kuɗinsa na aljihu. Wanda hukuncinsa ya kai shi ga barin jirgi bai yi abin kunya ba; ya kwance tagullarsa da dalmarsa da katakon da ya tsira, su rayu a jikin wani jirgin, ya fi a bar shi ƙarƙashin yagaggen tamfol yana narkewa shekara goma, mai shi yana kauce wa kallonsa duk safiya. Wanda kuma ya ƙudura bayan tahkiki, to kada dariyar masu wucewa ta karya masa gwiwa, gama Annabi Nuhu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a kan tudu ya sassaƙa nasa, manyan mutanensa suna yi masa izgili.

Yadda aikin ke tafiya

Farkon aiki shi ne a zaunar da jirgin. A jera masa katakai masu ƙarfi a ƙarƙashin ƙashin baya domin nauyi ya sauka a kansu, a tokare gefunansa kada ya karkata, a yi masa rumfa mai tare ruwa da rana amma a buɗe take gaba da baya, domin tamfol ɗin da aka naɗe jirgi da shi tam yana mayar da cikinsa gidan cutar da ake gudu. Daɓen ƙasa ya fi na siminti alheri, saboda ɗan danshinsa yana hana alluna ƙanƙancewa su tsattsage. Kafin a zare ƙusa ɗaya, a auna kome, a ɗauki hoto, a rubuta wa kowane yanki lamba, kuma abin da aka cire kada a yar da shi sai an sassaƙa madadinsa, domin ruɓaɓɓen katako, ko ba ya ɗaukar nauyi, yana riƙe da ilmin siffarsa.

Sa'an nan a zo ga yanka, wanda shi ne zuciyar al'amarin. Ana bin ruɓa da kurfi da zarto har a kai ga itace mai haske, mai ƙanshi, mai ƙin bakin ƙarfe, in an kai nan kuma a ƙara gaba da taƙi ɗaya ko fiye a bisa tsawon jijiya, domin zarurrukan cutar suna riga alamarta tafiya. Hannu yakan so ya tsaya da wuri, zuciya tana cewa wannan ɗan baƙin ba kome, kuma a wannan taƙi guda ne ake gane mai amana. A kwashe abin da aka yanke a fitar da shi daga wurin, a shayar da itacen da ke kewaye da maganin gishirin boron, wanda ke kashe cutar ko da yake ruwa yana wanke shi in ba a rufe shi da fenti ba, kuma a bi sawun ruwan da ya jawo ɓarnar har a toshe mashigarsa, in ba haka ba sabon katako abinci kawai aka kawo wa tsohuwar cuta.

Ƙaramin rami ana cike shi da ƙyallen itace iri ɗaya da na asali, jijiya ta bi jijiya. Dogon wuri kuwa ana haɗa sabo da tsoho da haɗin gangare, watau a fiƙe bakunansu biyu a karkace su hau juna, tsawon gangaren ya ninka kaurin katako sau 8 a ƙalla, a jigon filafilai kuwa sau 12, kuma kada a jera haɗi kusa da haɗi a alluna maƙwabta, kamar yadda magini ba ya ɗora gaɓar bulo a kan gaɓa. Haƙarƙarin da ya karye ana iya kafa masa ɗan'uwa a gefensa ya taya shi ɗaukar kaya. Wanda ya ruɓe kuwa fitar da shi ake yi, domin ɗan'uwan da aka jingina da shi zai kamu. Ba a cire haƙarƙari a jere; a cire ɗaya a tsallake biyu, sauran su riƙe siffa har sabon ya zauna.

Lanƙwasa sabon haƙarƙari shi ne wurin da karin maganar nan ta icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi take zama umarnin aiki. Ana zaɓen ɗanyen oak mai miƙaƙƙiyar jijiya, a sa shi cikin dogon akwati wanda tukunya ke hura wa tururi, a ba shi sa'a ɗaya ga kowane inci na kaurinsa. In lokaci ya cika sai a buɗe akwatin tururi ya turnuƙe, mutum ya fizgo sandar da safar hannu tana ƙuna, ya ruga da ita cikin jirgi, ya kafa gindinta ya taka da ƙafa, ya tura da kafaɗa, itacen da ɗazu ya fi ƙarfin mutum biyu ya bi cikin jirgin kamar fatar da aka jeme, abokin aiki yana waje yana matsewa. Minti ɗaya ko biyu ne kawai, in ta huce ta taurare ke nan, wadda kuma ta yi ƙara ta tsage, a jefar a ɗauko wata.

Game da zaɓen itace, zuciyarsa ake nema, gama farin da ke ƙarƙashin ɓawo ba ya jure danshi ko a jikin itace mafi daraja. Farin oak na Amurka yana jurewa, jan oak kuwa yana shan ruwa ta ƙofofin jijiyarsa, bai dace da jirgi ba. Itacen tik, wanda Larabawa ke kira saj kuma da shi suka daɗe suna gina jiragensu daga dazuzzukan Malabar, shi ne sarki a wannan fage, iroko na Afirka ta Yamma kuwa shi magina jiragen Turai ke sawa a madadinsa. Ƙusa ta zama ta jan ƙarfe ko ta tagullar da aka yi domin teku; tagulla mai tutiya da ake sayarwa a shagon kayan gini, gishiri yana zuƙe tutiyar ya bar ta tana marmashewa, baƙin ƙarfe kuma ba ya shiri da tsamin oak. Idan alluna sun hau, sai a cusa zaren auduga a tsakaninsu a bi da foti, cusawa mai sassauci, domin busasshen allo zai kumbura cikin ruwa, in bai sami wurin kumbura ba ya tumɓuke ƙusoshinsa. Mai aiki kuma ya tsare jikinsa, wanda shi ma amana ne: tsohon fenti sau da yawa yana da dalma, ƙurarsa guba ce musamman ga yara, saboda haka a rufe hanci da baki, a kuma hana ƙananan gida wasa a wurin.

Saɓanin masana

Tun farkon shekarun 1970, sa'ad da 'yan'uwan nan na gidan Gougeon a Bay City ta jihar Michigan suka yaɗa amfani da gam ɗin ifoksi a ginin jiragen katako, masu wannan sana'a suka rabu mazhaba biyu. Ɗaya tana ganin jirgin da aka gina da alluna a kan haƙarƙari halitta ce mai motsi, tana kumbura tana ƙanƙancewa, saboda haka a gyara shi da abin da aka gina shi da shi. Ɗayar tana ganin wanda Allah ya hore wa gam mai ƙarfi irin wannan, ba shi da dalilin ƙin sa. Abin da ya rinjaya a wurina shi ne kowace tana da rabon gaskiya, matuƙar an san iyaka. Ifoksi ba shi da na biyu wajen manna busasshen itace lafiyayye da irinsa, da haɗa siraran katakai su zama haƙarƙari mai lanƙwasa, da rufe daɓen falanki. Amma kwarara shi cikin ruɓaɓɓen itace domin ya taurare, fuska kawai yake gyarawa, jijiyar da aka cinye ba ta dawowa, kuma ɓawon da ya yi yana tsare danshi a bayansa. Haka nan lulluɓe tsohon jirgi da faiba: alluna suna motsi, faiba ba ta bin su, sai ta saki a wani wuri, ruwa ya shiga ya rasa mafita. Ba na musun cewa wannan dabara tana iya ƙara wa jirgin masuncin da ba shi da hali 'yan shekaru, kuma larura tana da hukuncinta. Sharaɗin shi ne ya san abin da ya yi, in kuma ya tashi sayarwa ya bayyana, domin ɓoye aibin kaya algus ne, shari'a ma ta ba mai saye zaɓin mayarwa, a jirgi kuwa aibin da aka ɓoye yana iya hana mai sayen dawowa ya yi ƙara.

Shin jirgin nan shi ne na da?

Wani marubucin zamanin da, Plutarch, ya ba da labarin cewa mutanen Atina sun adana jirgin gwarzonsu Theseus zamani mai tsawo, duk allon da ya ruɓe su sāke shi da sabo, har malaman falsafa suka yi ta jayayya ko jirgin yana nan ko ya zama wani. Mas'alar ba ta tsufa ba. Jirgin Tally Ho, wanda Albert Strange ya zana, aka gina shi a Shoreham ta Ingila a 1910, ya ci tseren jiragen ruwa na Fastnet a 1927, ya ƙare a yashe a gaɓar Oregon. A 2017 wani matashin maginin jirage Ba'ingile, Leo Goolden, ya saye shi dala 1, ya kai shi jihar Washington, bai koma ruwa ba sai 2024, bayan an sāke kusan dukan katakonsa. A ganina jirgin yana nan, domin abin da mai zane ya bari shi ne sura da ma'auni, katako kuwa tun asali an jera shi ne yanki-yanki domin a iya zare wanda ya gaji a sa wani, kuma wannan ita ce falalar jirgin katako a kan na faiba, cewa ba shi da wata gaɓa wadda hannun mutum ba zai iya sabuntawa ba. Wanda ya bar ruɓaɓɓen allo a wurinsa wai don girmama asali, ya riƙe ɓawo ya saki abin da ɓawon ke tsarewa.

Ranar mayar da jirgi ruwa, mai shi zai ga ruwa yana tsattsafowa ta tsakanin alluna, kada ya firgita; ya bar shi a bakin gaɓa da famfo a kusa, kwana biyu ko mako guda, alluna su sha su kumbura su rungumi audugar, yoyon ya ɗauke da kansa. Ba a fafe gora ranar tafiya, ba a kuma fita teku da jirgin da bai gama shan ruwansa ba. Daga nan abin da ya rage hidima ce ta kullum, mai sauƙi ga wanda ya fahimci asalin cutar: a bar iska ta ratsa ɗaki da ƙarƙashin daɓe, a tsane ruwan sama duk inda ya kwanta, a toshe tsaga tun tana ƙarama, a zagaya da guduma da basilla sau ɗaya a shekara.

Slocum ya ambata cewa goshin da ya sassaƙa wa Spray daga gindin itacen oak ya daki murjani a tsibiran Keeling, can cikin Tekun Indiya, ya raba shi biyu, shi kuwa ko ƙwarzane bai yi ba. A ranar da yake zaɓen wannan itace a filin Fairhaven ba wanda zai kama shi in ya sa mafi sauƙi ya bi da fenti, kuma bai san akwai wani dutse da ke jiransa a bayan duniya ba. Haka al'amarin kowane mai gyara yake: mafi yawan aikinsa zai shige ƙarƙashin fenti da daɓe, ba mai gani sai Allah, har wani dare ya zo, nesa da gaɓa, iska ta tashi, ɗansa yana barci a cikin jirgin ya jingina kai da allon da kaurinsa bai wuce inci ɗaya ba, bayan allon kuwa teku ce. Saboda wannan dare ne ake ƙara taƙin nan guda a ranar yanka.